Silo ya ƙi zama, wutar cek ta kama: tambayoyin da masu mota suka fi yi da amsoshinsu

Kusan duk sati sai wani ya tare ni da ɗaya daga cikin maganganun nan biyu, ko dai "motata tana kakkarwa in na tsaya" ko kuma "wutar nan mai ruwan ɗorawa ta kama a dashbod", wato wutar cek mai gargaɗin matsalar inji. Abin da yake damuna shine yawanci kafin mutum ya zo ya riga ya canza fulogi, ya canza koyil, ya sayi sensa biyu, kuma motar tana nan yadda take. Shi yasa na tattara tambayoyin wuri ɗaya.

Wai menene silo, kuma nawa ya kamata allura ta nuna?

Silo shine juyin da inji yake yi shi kaɗai lokacin da ƙafarka bata kan totur. A yawancin motocin fetur in inji ya ɗumi allurar tana zama tsakanin 600 zuwa 900 a minti, wato ƙasa da lamba 1 kaɗan a agogon juyin inji. Amma ni abinda nake fara kallo ba lambar bace, zaman allurar ne. In ta tsaya cak a 700 lafiya lau, in tana lilo tana hawa tana sauka ko tana faɗuwa kamar motar zata mutu sannan ta farfaɗo, toh akwai magana.

Da safe in na tada ta sai ta yi rezin sama sosai, matsala ce?

A'a. Inji mai sanyi baya ƙona mai da kyau, so ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, da kanta take ɗaga silo zuwa 1200 ko 1500 don inji da katalis, wato abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, su yi saurin ɗumi. Cikin 'yan mintoci zata sauko. In ta yi zafi kuma ta ƙi saukowa, wannan ne abin dubawa.

Wutar cek ta kama amma motar tana tafiya lafiya, in ci gaba da hawa?

Ya danganta da yadda ta kama. In ta kama ta tsaya kawai, kuma baka ji canjin ƙara ba, ƙarfi bai ragu ba, allurar zafi tana inda ta saba, zaka iya ƙarasawa inda zaka, amma a cikin kwanakin nan ka kai a sa mata na'urar sikanin. Kada ka bari ta yi wata shida a kunne, domin wutar guda ɗaya ce, in wata sabuwar matsala mai tsanani ta shigo bata da yadda zata gaya maka tunda dama a kunne take.

In kuwa tana ƙyaftawa, tana kamawa tana ɗaukewa da sauri, wannan ba wasa. Ma'anarta inji yana misin mai tsanani, wani silinda baya ƙona mansa, ɗanyen fetur yana wucewa cikin salansa yana ƙonewa a cikin katalis. Katalis ɗin yana iya yin zafi har cikinsa ya narke ya toshe, kaga matsalar koyil guda ɗaya ta jawo maka asarar abinda ya ninka ta sau da yawa. Ka sassauta totur, ka samu wuri ka faka.

Kuma don Allah a bambance ta da jar wutar baƙin mai, mai kama da buta, da ta zafin inji. Waɗannan biyun ba'a jira dasu ko minti ɗaya, kashe mota ake nan take.

Me na'urar sikanin take gani ne a cikin mota?

Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin da ake kira OBD2, Turai kuma ta bi da nata a 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. Akwai wani soket mai baki 16 yawanci a ƙarƙashin sitiyari, nan ake jona na'urar ta karanto abinda ƙwaƙwalwar mota ta ajiye. Kod ɗin, wato lambar laifin da take ajiyewa, harafi ɗaya ne da lamba huɗu. P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na ƙafa da birki, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar.

Waɗanda suka fi fitowa a maganar silo: P0300 misin ne da bai tsaya a silinda ɗaya ba, P0301 misin a silinda na 1, P0302 na 2, haka har sama. P0171 iska ta yi wa mai yawa, P0172 mai ya yi yawa, P0174 irin P0171 ne amma a ɗaya ɓangaren injin V6 ko V8. P0505 tsarin riƙe silo ne, P0506 silo ya yi ƙasa, P0507 ya yi sama. P0420 kuma katalis baya tace hayaki yadda ya kamata.

Akwai wani abu da mutane basa tambaya, kuma yana da amfani ƙwarai: lokacin da kod ya shiga, ƙwaƙwalwar tana ɗaukar hoton halin da inji yake ciki a daidai wannan lokacin, gudun mota nawa, zafin ruwa nawa, juyin inji nawa. In ka ga kod ya shiga mota tana tsaye inji da sanyi, ka riga ka rage rabin wuraren da zaka nema.

An sa na'ura ta ce oksijin sensa, in je in sayo kawai?

Tsaya tukuna ɗan'uwa, nan ne kuɗin mutane suka fi zubewa. Na'ura bata cewa "sayi kaza". Abinda take cewa shine "a wannan layin na ga abinda bai yi daidai ba". Sensar oksijin ɗan aike ce, tana cikin salansa tana shinshina hayaki tana kai rahoto. In tiyo ya tsage iska tana shiga ta bayan fage, sensar zata ce iska ta yi yawa, kuma gaskiya ta faɗa. Ka cire ta ka sa sabuwa, sabuwar ma abinda zata faɗa kenan, bayan kwana biyu wuta ta dawo.

Na taɓa yin wannan kuskuren da kaina shekarun baya. P0171 ya fito, wani bakanike ya ce sensa ce, aka canza, wuta ta dawo, aka ce famfon mai ne, aka canza, ta sake dawowa. A ƙarshe wani dattijo ne ya buɗe bonet ya lanƙwasa babban tiyon da ya taso daga filtar iska zuwa totur, sai ga tsaga a ƙasan ninkin inda ido baya kaiwa. Har yau in na tuna abin yana min ciwo, ba don kuɗin kaɗai ba, don an cire min famfo na asali mai lafiya an sa wanda bai kai shi ba.

So kafin a sayi kowace sensa a duba wayarta da soket ɗinta, ko ɓera ya ci, ko ta taɓa salansa ta narke, ko fil ɗin ya yi tsatsa. Sannan a kalli karatunta inji yana aiki. Tsohon samfurin sensar oksijin ta gaba in tana da lafiya tana lilo da sauri tsakanin kusan 0.1 da 0.9 na bolt. In ta maƙale wuri ɗaya ko an taka totur bata motsa, sai a fara zarginta.

In na tsaya a danja mota tana jijjiga har sitiyari, in na taka kuma sai ta daina. Menene?

Abu biyu ne suka fi jawo wannan kuma suna kama da juna, amma raba su ba wuya. Kalli allurar inji. In tana rawa tare da jijjigar, kuma in ka je bayan mota ka ji salansa tana "fut fut" a tsakanin ƙararta, misin ne. In allura tana tsaye cak, ƙarar inji sumul, jijjigar tafi yawa a D in ka mayar N ko P ta ragu sosai, toh ka duba robobin da inji yake zaune a kansu, wato mautin. In sun fashe ko sun zauna, duk motsin inji jikin mota yake shiga, kuma wannan baya kunna cek.

In misin ne kuma kod ya nuna silinda, misali P0303, ga dabara da bata cin ko sisi. Cire koyil na 3 ka musanya shi da na 1, a goge kod, a tada mota a ɗan zaga. In kod ya koma P0301 koyil ne, ya bi shi. In ya tsaya a 3 sai a musanya fulogi. In har yanzu yana 3 saura nozul mai fesa fetur ko kwamfireshan, wato matsin cikin silinda. Lokacin da ka zaro koyil ka leƙa ramin, in ka ga baƙin mai ya taru a ciki gasket ɗin murfin bawul ne yake yoyo, kuma shi ne yake kashe koyil, in baka gyara shi ba sabon ma zai bi sahu. Kwamfireshan kuma ana so silindojin su kusanci juna, in ɗaya ya faɗi ƙasa da sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari to maganar ta koma bawul ko ringi ko gasket ɗin kan inji, ba fulogin da zai gyara wannan.

Silo yana hawa yana sauka shi kaɗai, wani lokaci ya maƙale a sama.

Fara da neman inda iska take sata. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai ta nauyi, kuma ƙwaƙwalwa tana auna iskar da ta shigo ta ƙofa ne ta bada mai daidai da ita. Duk iskar da ta shigo ta tsaga ba'a lissafa da ita ba. A silo totur a rufe yake, iskar da inji yake sha kaɗan ce, shi yasa 'yar ƙaramar tsaga take rikita komai, in ka taka kuma iska ta yi yawa sai tsagar ta zama ba komai ba.

Wannan ne ma yake bada hanyar ganewa. A na'ura akwai lambar da ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwa take ƙarawa ko ragewa don ta daidaita, kanikawa suna ce mata fuwel tirim. In tana tsakanin ragi 10 da ƙari 10 ba laifi. In a silo ta kai ƙari 20, ka riƙe inji a 2500 ta sauko kusa da sifili, satar iska ce kusan tabbas. In akasin haka ne, a silo lafiya amma in an ɗaga inji take hawa, toh mai ne baya isa, a duba famfo da filtar mai, ko kuma sensar auna iska ta yi datti tana rage lissafi.

Wuraren dubawa: babban tiyon iska, ƙananan tiyoyin da suka shiga manifol (inda iska take rarrabuwa zuwa silindoji), bawul ɗin PCV mai mayar da tururin cikin inji zuwa manifol da tiyonsa, gasket ɗin manifol. Ka kasa kunne, sau da yawa zaka ji tsiii kamar taya na sacewa. Wasu suna fesa abin wanke kafireto a wurin su ji ko ƙarar inji zata canza, yana aiki amma ni bana so, abu ne mai kama wuta kuma inji da zafi. Injin hayaƙi da ake hurawa cikin manifol ya fi, inda hayaƙin ya ɓullo nan ne ramin.

Da na kunna AC ko na juya sitiyari a tsaye sai ta nemi mutuwa.

AC da famfon sitiyari da fitilu duk nauyi ne a kan inji, kuma aikin motar ne ta ƙara iska kaɗan ta ɗauki nauyin. Tsofaffin motoci masu kebul a totur suna da wani ƙaramin bawul na silo a gefe da yake wannan aikin, sababbi kuma totur ɗin da kansa yake buɗewa da ɗan moto. Duka biyun baƙin datti yana taruwa a bakinsu ya rage hanyar iska. Wankewa sau da yawa ya isa. A duba caji ma, batir mai lafiya mota a kashe yana bada wajen 12.6, in tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Altaneta mai rauni ko kan batir da ya saki suna sa silo ya riƙa faɗuwa in an kunna kaya.

In kuma birki ne in ka taka silo yake canzawa, ga feda ta yi tauri, ga ƙarar iska a wajen ƙafarka, bustar birki ce take yoyo. Wannan kada a jinkirta, maganar birki ce.

An wanke min totur, yanzu silo ya fi da hawa. An ɓata min ne?

Ba lallai ba. Shekara da shekaru datti yana taruwa ƙwaƙwalwa tana ƙara buɗe totur kaɗan kaɗan don ta rama, yanzu an share dattin amma ita bata sani ba, tana nan tana buɗewa kamar da. Sai an sake koya mata. Wasu motocin suna koyo da kansu bayan 'yan tafiye-tafiye, wasu sai da na'ura ko wani tsari na kunna ki da taka feda, kuma ya bambanta daga mota zuwa mota. In an yi haka bai sauka ba a duba ko gasket ɗin totur bai zauna ba ko an manta wani tiyo a cire. Totur mai moto kuma ba'a banƙare faifansa da ƙarfi lokacin wanki. Ita ma sensar auna iska tana da nata abin feshi daban, ba'a taɓa siririyar wayar cikinta da hannu ko tsumma.

In na cire kan batir wutar tana ɗaukewa. Shikenan ko?

Ka share rubutun ne, ciwon yana nan. Kuma ka jefar da hoton nan da na ce ƙwaƙwalwa tana ajiyewa, wanda shi bakanike zai bi. Zata dawo da zarar motar ta sake yin gwajinta, wasu kod ɗin sai matsalar ta bayyana a tafiya biyu a jere kafin wuta ta kama, shi yasa zaka ga kwana ɗaya ko uku shiru sai ta dawo. In an yi gyara na gaskiya ko ba'a goge ba wutar tana ɗaukewa da kanta bayan tafiya uku a jere da motar ta gwada bata ga laifi ba. Ka rubuta kod ko ka ɗauke shi a waya kafin kowa ya goge.

Gaskiya ne murfin tanki yana kunna cek?

Gaskiya ne. Motar tana gwada ko tururin fetur yana fita daga tanki, in murfi bai ɗauru ba ko robarsa ta tsage sai ta bada P0455 ko P0442 ko P0457. Ɗaure shi har ya yi ƙas, ka bata 'yan kwanaki. Amma murfi baya lalata silo. Wanda yake lalatawa a wannan layin shine bawul ɗin da ke sakin tururin zuwa inji, in ya maƙale a buɗe, alamarsa mota ta yi wuyar tashi daidai bayan an sha mai.

Bakanike ya ce a cire tamostat don kada mota ta yi zafi, yana da alaƙa da silo?

Yana da ita sosai, kuma ni ina adawa da cire shi, domin tamostat shine bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya ɗumi. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90 ne. In babu tamostat ruwa yana zagayawa tun daga tashi, inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, ƙwaƙwalwa tana ganin har yanzu safiya ce sai ta riƙe silo a sama tana zuba mai. Sakamakon shan mai, baƙin fulogi, fetur yana wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai, wani lokaci da P0128. In mota tana zafi akwai dalili, lagireto ya toshe, fanka bata tashi, famfon ruwa ya gaji, ko tamostat ɗin ne ya maƙale a rufe, sai a sa sabo. Sensar zafin ruwa da ta lalace ma tana yin irin wannan, in da safe kafin a tada mota na'ura ta nuna zafin ruwa ya yi nesa da zafin gari, ƙarya take.

Silo ba daɗi amma cek bata kama ba, na'ura ma ba kod.

Yana faruwa. Ƙwaƙwalwa tana da iyaka da sai an wuce ta take kunna wuta, kuma akwai abubuwan da bata gani kai tsaye, kamar mautin, ko nozul da ya fara toshewa, ko mai mara kyau da ruwa a ciki. Bawul ɗin EGR ma, mai dawo da ɗan hayaƙin salansa cikin inji, in datti ya hana shi rufewa yana mayar da hayaƙi cikin inji a silo, lokacin da bai kamata ba, mota ta yi ta shaƙewa a tsaye amma a kan hanya lafiya. A ce mai na'ura ya duba kod masu jiran tabbaci da ƙidayar misin na kowane silinda, sau da yawa a nan ake kama ɓarawon tun kafin wuta ta kama. In matsalar ta fara ne daidai bayan shan mai, ka faɗa, kada ka ɓoye.

Ƙaramar na'urar da ake jonawa da waya tana da amfani?

Tana da shi. Irin masu ELM327 da Bluetooth suna karanta kod ɗin inji, suna nuna zafin ruwa da fuwel tirim, wannan kaɗai ya isa ka shiga gareji da saninka. Yawancinsu basa shiga tsarin birkin ABS ko jakar iska, basa koya wa totur. Kada ka barta a jone kullum, soket ɗin yana da wuta ko mota a kashe, wasu suna shanye batir a hankali.

Zan sayi mota ta hannu, cek bata kama ba, na huta kenan?

Murɗa ki zuwa inda fitilun dashbod suke kamawa ba tare da ka tada inji ba. Dole wutar cek ta fito a nan, sannan ta ɗauke bayan inji ya tashi. In bata fito ba sam, an cire ƙwan ko an liƙe shi. Sannan a sa na'ura a duba gwaje-gwajen da motar take yi wa kanta, in yawancinsu suna nuna basu kammala ba, ba'a daɗe da goge kod ko cire batir ba, sai ka tambayi dalili. Ka nemi a bar maka ita da sanyi ka tada ta da hannunka, ka tsaya da ita har fanka ta tashi, ka sa D ka taka birki ka kunna AC da fitilu gaba ɗaya ka kalli allurar na minti biyu.